Masu kod ko masu fostin, wa ya fi cancanta a Hive?

Ɗan_Baba: Salam 'yan uwa. Don Allah wa ya fi cancantar lada, masu rubuta kod (manhaja) ko mu masu fostin kullum a Hive, dandalin blockchain da ake samun lada a kan fostin? Su suna karɓar kuɗi daga asusun DHF (asusun Hive na biyan ayyukan raya dandalin), mu kuma sai ɗan abin da ƙuri'un mutane suka kawo.

Ummu_Hanif: Haba malam, a 2020 da ɗan kasuwar kirifto Justin Sun ya sayi kamfanin Steemit, mai dandalin da Hive ya samo asali, ai da masu kod ɗin aka ɓalle aka kafa Hive, ba don su ba ina za ka yi fostin ɗin?

Sadauki: Gaskiya ne hajiya, amma fa da jama'a ba su biyo su ba da kango suka gina. Matsalar dai ƙuri'ar DHF nauyin HP (Hive Power, wato kuɗin Hive da mutum ya kulle a asusunsa) take bi, mai ƙaramin asusu ko ya zaɓa ba a jinsa.

Ɗan_Baba: Wallahi abin da ke cina kenan.