Ƙananan halittu sun bayyana a tankina na ruwan gishiri, ko mene ne su?

Sabon Mai Kiwo:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Na haɗa tankin kifin ruwan gishiri, na jera duwatsun da aka ɗebo daga teku, sai ga shi ina ganin halittun da ban saya ba. Akwai fararen ɗigo-ɗigo masu yawa da ke tsalle a jikin gilashi, akwai wasu ƙwari masu lanƙwasasshen baya da ke fitowa daga ramukan dutse bayan an kashe fitila, sannan akwai ƙananan fararen zobba da suka manne, ba sa motsi. Shin za su cutar da kifaye ko murjani, wato halittar tekun nan mai rai da ke kama da dutse ko tsiro?

Mai Murjani:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin duk abin da ka siffanta ya biyo dutsen ne, kuma yawanci alama ce ta cewa tankin ya fara daidaita. Masu tsallen nan su ne kofifod, dangin jatan lande, waɗanda tsawonsu bai cika wuce milimita 1 ko 2 ba. Suna cin gansakuka da ragowar abinci, kifaye kuma suna cin su. Kifin mandarin ma kusan da su yake rayuwa, har masu kiwonsa kan sayi kofifod a kwalba su zuba masa. Masu lanƙwasa kuwa amfifod ne, sun fi girma, kuma aikinsu share dattin da ya maƙale a tsakanin duwatsu. Zobban nan gidajen wasu tsutsotsi ne da ake kira Spirorbis, waɗanda ke gina bututu mai murɗi da alli su zauna a ciki suna tace ruwa. Idan sun hana ka ganin ciki, ka kankare su daga gilashin gaba kawai.

Tsohon Hannu:
Na yarda da bayanin ɗan'uwana, amma ina ganin bai kamata a yanke hukunci a kan masu lanƙwasar nan ba tare da an dube su da kyau ba. Ka jira dare ya yi, ka haska da jar tocila, tun da yawancinsu ba sa gudun jan haske, ka zuƙo guda ɗaya da sirinji, ka sa shi a farin faranti da ɗan ruwan tankin. Amfifod matsattse ne ta gefe da gefe, kuma yakan kwanta a ɓari ɗaya yana gudu. Idan kuwa ka ga jikinsa a shimfiɗe yake daga sama zuwa ƙasa, da manyan baƙaƙen idanu, kuma yana iyo da sauri, mai yiwuwa isofod ne na dangin Cirolanidae, wanda ke manne wa kifi da dare yana cin namansa, kuma wannan dole a fitar da shi.

Ka kuma duba ko akwai Aiptasia, wata halitta mai launin ruwan ƙasa da ke buɗe dogayen hannaye kamar fure, ta shige rami da zarar an taɓa ta. Tana harbin murjani, kuma kankare ta kuskure ne, domin gutsuren da ya rage yana iya zama sabuwa.

Sabon Mai Kiwo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kamar yadda aka ce: a ɓari ɗaya yake gudu, idanunsa kuma ƙanana ne. Sai dai na hango abu mai hannaye a bayan wani dutse, zan ɗauki hotonsa in turo kafin in taɓa shi.