Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana: to wane ne gugan?

Ƴar Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina rubuta labarin kakata, yadda ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maradi a 1945 har mutane suka bar fadama suka hau tudu inda gari yake yanzu. Na kai daidai daren da ruwa ya shigo sai abu ya cije, kullum in buɗe kaye in riƙe bik in rubuta layi biyu in soke, yau kwana ashirin. Labarin kuwa yana kaina tsaf. Jiya na ce rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, sai yayana ya ƙyalƙyale da dariya wai ba nan ake sa ta ba. Don Allah ku raba mu.

Tsohon Mushe (malamin makaranta): Ɗiyata, yayanki ya fi ki gaskiya. Karin maganar ga mutum uku take buƙata, mai bayarwa, mai jira, da na tsakiya. Alhaji ya ce a ba ka buhun hatsi, yaron shago ya ce ka dawo gobe, goben da ba ta zuwa, to wanga yaro shi ne guga. Ke kuma ke ce rijiyar ke ce gugan, wa za ki kai ƙara?

Mai Kabu-kabu: Mushe ranka shi daɗe, ba gardama ba, amma ni na ga mutum ukun. Ƙwaƙwalwa ta bayar, mu masu karatu muna jira, hannu ya ƙi. Ai karin magana ba ayar Alƙur'ani ba ce da za a ce kar a gusa ta 😄

Tsohon Mushe: In kowa ya ja ta inda yake so, ƴaƴanku za su gaje ta ba ma'ana. Shekara talatin ina gyaran irin wannan a lakwal.

Inna ta Mokoyo: Ku dai ku yi ta yi, ni da na ja guga har tafin hannuna ya yi kanta bari in ce wani abu. Rijiyar da aka daɗe ba a ja ba, gugan farko laka ce da shara, ba mai sha, amma dole ka ja shi ka zubar, ka sake, sai wajen na biyar na shida ruwa ke fara fari. Wani lokaci ma sai an shiga an yashe ta tukun ido ya buɗe. Kuma da rani in ka tona rairayin gulbi ba nan take ruwa ke cika ramin ba, tsatsowa yake sannu. Yarinyar nan guganta lafiya lau, ita ce ke leƙa shi tun bai iso baki ba, ta ga laka ta sake igiya. Layi biyun da kike sokewa su ne lakar, bar su a takarda ki ci gaba, shafi uku ba suka ko ɗaya, gobe ki tace.

Ƴar Bagalam: Inna wallahi kamar kina ɗakina. Amma akwai wani abu, wurin nan kakata kuka take yi in ta zo shi, ko ni in na ɗauko sai in ji ba ni da bakin da ya isa.

Mai Kabu-kabu: To kar ki rubuta mana. Kunna saƙon murya a WhatsApp ki aika ma kanki, ki faɗe shi yadda tsohuwa take faɗi da "wayyo" ɗinta da komi, sa'annan ki zauna ki kwafe. Ko ki tsallake daren ki rubuta safiyar, waye ya ce dole a bi layi.

Tsohon Mushe: Shawarar ta yi. Amma har yanzu ban sa hannu a kan karin maganar ba. In tana son wadda ta dace, sannu ba ta hana zuwa.

Inna ta Mokoyo: Mushe ƙarasa ta mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Kwana ashirin ai an daɗe.

Ƴar Bagalam: Na yi saƙon muryar bayan isha'i, minti tara, rabi duk jan hanci ne. Gobe in kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba zan kwafe. Yayana yana nan yana karanta ku, wai Mushe kaɗai ya gane shi.