Tsallen Theon cikin teku: dabara ce ko ragwantaka?

Sagir: Jiya na sake kallon shirin talabijin na Game of Thrones, zango na 7 kashi na 2, wanda ya fita a 2017. Har gobe ina nan kan bakana: faɗawar da Theon Greyjoy ya yi cikin teku ita ta ceci ran 'yar'uwarsa Yara. Kawunsu Euron ya ɗora mata gatari a wuya yana kiran Theon ya zo ya ƙwace ta. Da Theon ya matsa taku ɗaya, yanka ta Euron zai yi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Hajara: Wane ragon kake nufi, Sagir, na layya ko na maza? Yarinyar nan ta kwashi mayaƙa ta je har Dreadfort a zango na 4 don ta fito da shi daga kejin karnukan Ramsay, wanda ya tsare shi yana azabtar da shi. Me ya saka mata da shi? Ya gantsara mata cizo a hannu ya ce shi Reek ne, sunan da Ramsay ya laƙaba masa. Ranar da ta buƙace shi kuma ya yar da takobi ya bi ruwa.

Sagir: To da ya tsaya fa? An ƙone jiragensu, cikin ƙawayensu an kashe Obara da Nymeria, an kama Ellaria da Tyene. Mutum ɗaya a tsakiyar mayaƙan kawunsa. Gawa biyu kike so maimakon fursuna ɗaya?

Malam Bala: Ku biyun kuna magana kamar Theon ya tsaya ya yi lissafi. Ku koma ku kalli fuskar Alfie Allen, wanda ya fito a matsayin Theon, a wurin. Ba Yara yake kallo ba, ba kuma Euron ba. Idonsa na kan mutanen Euron da ke yanke sassan jikin waɗanda suka kama. Daga nan jikinsa ya ɗauki rawa, kansa ya fara karkacewa irin yadda yake yi a gaban Ramsay. Wannan mutumin an feɗe masa fatar yatsa, an yi masa dandaƙa, an ƙwace masa suna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wanda ya yi tsallen nan Reek ne, kuma Reek ba ya shirya dabara, ba ya kuma jin kunyar gudu. Abin da ya burge ni da marubutan shi ne sun ƙi yi mana ƙaryar cewa tunda ya tsere daga Winterfell da Sansa, matar da Ramsay ya aura yana tsare da ita, shi ke nan ya warke.

Hajara: Malam, na yarda an azabtar da shi. Amma a ƙarshen zango na 5 ai yana cikin gidan Ramsay ɗin ya tunkuɗo Myranda, masoyiyar Ramsay, daga kan katanga don ya kare Sansa. Ashe yana iyawa in ya so. Saboda Sansa ya iya, saboda jininsa ya kasa.

Malam Bala: Myranda mace ɗaya ce da baka, kuma Ramsay ba ya wurin lokacin. Kuma ki lura, can ma tsalle ya yi. Banbancin kawai ya riƙe hannun wata.

Nura: Ni dai abin da ya rushe maganar Sagir shi ne bakin Theon kansa. Da aka tsamo shi daga ruwa a kashi na 3 na zango na 7, bai ce dabara ya yi ba. Cewa ya yi ya yi ƙoƙarin ceto ta, mai jirgin kuma ya nuna masa da ya yi ƙoƙarin da ba a gan shi da rai ba. Mai dabara ba ya ƙarya don rufe dabararsa.

Sagir: Amma wa ya kwance ta a jirgin Euron a farkon zango na 8? Ba shi ba?

Nura: Shi ne. Sai dai kyakkyawan ƙarshe ba ya komawa baya ya gyara niyya. Euron ne ya ga dama ya bar ta da rai, ya ja ta a titunan King's Landing yana nunawa. Theon bai san za a yi haka ba.

Hajara: Kuma ka tuna tukuicin da ta ba shi da ya kwance ta. Karo ta kai masa da ka sai da ya zube, sannan ta miƙa masa hannu. Ita ma ba ta ɗauka dabara ce ba.

Sagir: Miƙa hannun fa? Shi ba kwa lissafa shi?

Hajara: Yafiya ce. Ba a yafe wa wanda bai yi laifi ba.

Malam Bala: A nan kam ta kama ka, Sagir. Amma Hajara, kalmar ragwantaka ce ban yarda da ita ba. Sai da aka farfasa masa jiki a gaɓar Dragonstone kafin mutanensa su yarda su bi shi neman Yara, kuma sau nawa ana kayar da shi yana tashi.

Hajara: Wannan a kashi na 7 na zango na 7 ne, Malam. Ni a kan daren kashi na 2 nake magana.