An ce babu gyaɗa a ciki, amma leɓen yarinya ya kumbura

Uwargida, Garwa: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 9 jikinta ba ya karɓar gyaɗa. A walimar suna mai girki ta yi alkawarin ware mata nata, shinkafa da miyar tumatir da nama, amma leɓenta ya kumbura, borin jini ya feso mata. Ta ina gyaɗar ta shiga?

Mai abinci, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba lallai ƙarya ta yi miki ba. In kin ce gyaɗa, hankalin mai girki kan markaɗaɗɗiyar da ake zubawa a miyar yakuwa ko tafasa yake tafiya, mai ba ya cikin lissafinta. Alhali man gyaɗar da mata ke matsewa a gida, na kwalba, ba tatacce ba ne: abin da ke ta da ciwon yana ciki, wuta kuma ba ta kashe shi. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kilishi ma haka. Ga injin markaɗe, a gama gyaɗar wani a zuba tumatir ɗinki. Ga ludayi ɗaya na yawo tsakanin tukwane.

Saboda haka ki riƙa tambaya: da wane mai? A nuna miki. Man Diamaor na kamfanin Sodecoton na angurya ne, amma ki duba murfin, don ana sake cika robar da wani man. Tukunya da ludayi sai sabulu, ɗauraya ba ta isa.

Malamin jinya, Ngaundare: Hajiya, kumburin leɓe gargaɗi ne, na gaba yana iya fin wannan. In murya ta dushe, numfashi na ƙugi, ko amai da jiri suka biyo, ƙwayar cetirizine ta maganin borin jini ba za ta tsayar ba. Allurar adrenalin ake yi a naman cinya ta gefen waje: 0.3 mg ga 'yan shekara 6 zuwa 12, babba 0.5 mg, a maimaita bayan minti 5 in babu sauƙi. A kwantar da ita a ɗaga ƙafafu, in numfashi ya yi wuya ta zauna, kada dai ta miƙe tsaye. Ko ta warware a kai ta asibiti, abin yana iya dawowa bayan sa'o'i. Likita ya rubuta muku allurar ya koya muku yi. Kada a bar allurar a mota cikin zafin Garwa. In ruwan ya sauya launi ta lalace.

Goggo, Kuseri: A gidan biki tukwane sun yi yawa, hannaye sun yi yawa. Ki zuba mata nata a kula daga gida, ki faɗa wa uwar biki tun kafin ranar don kada ta ga raini.