Burost da Dare, Gyangyaɗi a Aji

Bazazzagi:
Ɗaliban Madina, ga baitoci kan cimarmu. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Bismillahi, ƙannena, ku saurara,
Batun cikinmu ne yau nake tayarwa.

Bayan isha'i layin burost ya cika,
Kaza da dankali, mai yana tsiyayowa.

A kora da lemo, gwangwani guda,
Giram 35 na sukari ake haɗiyewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya 50 ta yanke a yini,
Ka fasa na biyu, ka zarce, ba musawa.

Sai waya a hannu har dare ya raba,
A yi asuba da ƙyar, ido na lumshewa.

Shehi na sharhi, kai kana gyangyaɗi,
Haddar jiya kuwa tana ta zubewa.

Ɗan Damagaram:
Yaya, na ji, gaskiya ka faɗa,
Amma tsaya ka ji uzurin ƙaninka.

Mukafa'a, alawus ɗin ɗalibai, ta zo, rabi ya tafi gida,
Inna da ƙanne suna duban hannunka.

A gida ban taɓa ɗora tukunya ba,
Indomi kaɗai na iya, ita ma sai dai in jiƙa.

Zafi ya haura 40, wa zai fita?
Sanyin esi shi ke tsare mu a ɗaka.

Basakkwace:
Ku bar batun kaza, ga abin tsoro,
Lemon kuzari, in jarrabawa ta gabato.

Abokin ɗakina ya yi ta ɗirka don kwana bita,
Hannu na rawa, gumi ya keto.

Zuciya na dukan ƙirji kamar ganga,
A asibiti muka ga rana ta fito.

A 2017 Saudiyya ta ɗora mai haraji,
Ɗari bisa ɗari, kuɗinsa ya hauro.

Ba mu daina ba! Wallahi abin na ci mini rai,
Yaro da ƙuruciya ciwo yake jawo.

Bazazzagi:
Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. Ƙanena na Damagaram, ga amsarka.

Uzurinka na karɓa, ban raina ba,
Amma mai araha yana nan kusa da kai.

Waken ful da gurasar tamis da safe, ka ɗora nonon laban,
Dabino a aljihu, ya riƙe ka sarai.

Ku haɗa karo-karo, ku huɗu ko biyar,
Shinkafa da wake, tumatir, ɗan mai.

Manzon Allah ya kasa ciki uku:
Abinci, ruwa, sai numfashi, shi ke nan dai.

Kuma duk Asabar yakan ziyarci Ƙuba,
Wani sa'in a ƙasa, wani sa'in bisa abin hawa yakan kai.

Daga Harami wajen kilomita 3 ne,
Bayan asuba, rana ba ta taɓa kai.

Ɗan Damagaram:
To yaya, Asabar ina nan tafe,
Ka tashe ni, ko da zan yi gardama.

Kawuna na zuwa Umara, na yi masa waya,
Kuka da daddawa zai riƙo, har da garin alkama.

Saura mai koya mini tuƙin tuwo,
Malam Basakkwace, ko za ka taimaka ma?

Basakkwace:
Muciya na ɗakina. Ka zo Juma'a bayan la'asar, ka taho da albasa.