Wa ya taɓa shiga gandun dajin Kruger? Ku ba mu labari

Baban Walida, Samaru

Salamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Afirka ta Kudu a watan Yuli, kuma bayan an tashi taro zan samu rarar kwana uku. Tun muna yara kakarmu take mana tatsuniyar giwa da zaki a tsakar gida a Ƙofar Doka, amma har yau ban taɓa ganin ko ɗayansu a dawa ba, sai a keji. Ina so in leƙa Kruger. Wanda ya taɓa zuwa, ko ya shiga wani gandun irinsa, don Allah ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Injiniya, Shika

Wa alaikumus salam. Malam, ka dace da lokaci. Damunarmu ita ce ranin su da sanyinsu, ciyawa ta bushe, ganye ya kaɗe, dabbobi sun tattaru bakin ruwa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, don asubar can ta fi hunturun Zariya cizo.

Abin da ya fara ba ni mamaki girman wurin ne. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 19,500, ya yi kusa da jihar Kano ɗungurungum, tsawonsa kuma daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 360, ya fi tafiyar Zariya zuwa Abuja. Tun 1926 ya zama gandun ƙasa. Kwana uku ba za su kai ka ko'ina ba, saboda haka ka zauna a kudanci. Mu a sansanin Skukuza muka kwana, a gaɓar kogin Sabie.

Ranar farko rana ta take kafin mu fita, muka yi ta yawo, daga barewa sai mugun dawa, har raina ya soma ɓaci. Washegari ana buɗe ƙofa ƙarfe shida muna bakinta. Ba mu yi nisa ba wani toron giwa ya fito daga cikin ƙaya ya tsaya a tsakiyar kwalta. Direba ya kashe mota ya ce kowa ya yi shiru. Ina ganin tsagun fatarsa cike da jar ƙasa, haurensa na hagu ya karye a tsini. Ya naɗe reshe da hancinsa ya fizge, ƙarar ta yi kamar an karya azara. Wajen minti ashirin muna nan ba mai motsi, babu abin da nake ji sai numfashinsa. Wallahi tasbihi na samu kaina ina yi.

Maman Sadik, Tudun Wada

Ni ban je Kruger ba, amma Baban Walida, kafin ka ƙetare teku ka san na gida. Mun kai yara Yankari lokacin hutun Disamba, ta Pambeguwa da Saminaka muka bi zuwa Jos, sannan Bauci. Mun ga ɓauna da gwanki da kada a bakin kogin Gaji, giwa kuwa sawunta da kashinta kawai mai rakiya ya nuna mana, ya ce garken ya yi nisa. Yara ba su damu ba, don ruwan Wikki ya ɗauke musu hankali. Ɗumi gare shi kullum, wajen digiri 31, kuma garau, kana ganin yashin ƙasa.

Abu ɗaya zan ja kunnen iyaye a kai: gwaggon biri. Na ajiye ledar burodi da ƙuli-ƙuli a kan tabarma, na juya in ɗaura wa ƙaramar zane, sai ga wani ƙato ya sure ta ya hau bishiya. Yarinyar ta firgita sosai. Kada a bar yaro da abinci a hannu, kuma a riƙa kulle ɗaki.

Ɗan Kwarbai

Hajiya ta yi gaskiya, birran Kruger ma haka suke a wuraren cin abinci. Yaya, kada ka manta katin allurar shawara, ana tambayarsa a filin jirgi ga wanda ya fito daga Najeriya.

Malam na Kongo

Bari in taɓo abin da ya fi damuna da na je, wato salla. Doka ce ba a fita daga mota a cikin gandun sai a wuraren da aka keɓe, kuma dokar tana kan gaskiya. Na ga zakanya kwance a ciyawa, tsakaninta da titi bai kai taku goma ba, kuma sai da ta kaɗa kunne na gane ba tudun ƙasa ba ne. To ka tsara tafiyarka yadda azahar za ta same ka a wurin hutawa. Mu a Tshokwane muka tsaya, tsakanin Skukuza da Satara, muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru. A watan Yuli ƙarfe biyar da rabi ake rufe ƙofofi, magariba a sansani za ta riske ka. Nama kuma ka saya a mahautan Musulmi kafin ka baro birni, ɗakunan suna da wurin gashi a waje.

Injiniya, a nan na ɗan saɓa maka. Ni ban ɗauki direba ba, hayar mota na yi na tuƙa da kaina, kuma na fi jin daɗin haka, don na yi awa guda cur a bakin wani tafki ina kallon raƙumin dawa yana ware ƙafafunsa na gaba kafin bakinsa ya kai ruwa, babu mai ce mini mu tafi. Gudu ba ya wuce kilomita 50 a kwalta, 40 a burji.

Injiniya, Shika

Haka ne Malam, sai dai a hannun hagu suke tuƙi, wanda bai saba ba zai raba hankalinsa tsakanin titi da daji. Kuma damisar da muka gani a kan reshe, da ba direban ba da mun wuce ta.

Baban Walida, Samaru

Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki direba ranar farko, in na ga hanya in tuƙa a ta biyu. Maman Sadik, Walida ta ji labarin Wikki, ta ce Disamba sai Yankari. Kwana nawa kuka yi, kuma tun daga nan kuka kama ɗaki ko sai da kuka isa?