Musayar waƙa: ƙuri'ar majalisar jiha

Ɗan Kakuri:
Bismillah. Ƙwar biyu, wato ɗango (layi) biyu a kowane baiti, amsa-amo "wa".

Kun zaɓi gwamna, kun mance da majalisa,
Can ake ɗaure doka, can ake kwancewa.
Ku tuna Balarabe na PRP a Kaduna,
Rinjayen NPN ya hana shi sakewa.
Kwamishina ko guda ba su amince masa ba,
A 1981 suka kai shi ga tsigewa.

Hajjon Fagge:
Ɗan Kakuri, tsohon ciwo kake sosawa,
Zo Kano ka ga zaɓen da ba a mantawa.
A 2023, cikin kujeru 40,
Jar hula ta ɗau 26 ba tsayawa.
Masarautun da aka yanka wa birnin Dabo,
Da wannan rinjaye muka kai su ga rushewa.

Ummin Gwale:
Allah ya ƙara basira, Hajiyarmu! Ke kaɗai kin ishe su.

Baban Bichi:
Hajiya, sassauta, guɗarki ta yi yawa,
Zauren da kike yabo ba ya ƙin kowa.
Shi ya ba mu Bichi, Rano, Gaya, Ƙaraye,
Gwamna na sauyawa, shi ma yana juyawa.
'Yan amshin Shata ba su san "a'a" ba,
Mu da aka rage wa sarki mu ke kokawa.

Malam Na-Soro:
Hajiya, baitinki na biyu ya karye. Lissafi kika zuba, kari ya gudu. Rera shi ki ji. Kuma ɗangonki na farko ya saci "wa", alhali gurbinsa ɗango na biyu.

Ummin Gwale:
Malam, shi Ɗan Kakuri da ya cusa 1981 ba ka gan shi ba? Ko aruli, ilimin auna waƙa, shi ma ya shiga APC?

Malam Na-Soro:
Nasa ma ya yi ɗingishi. Ni ma'auni nake karewa, ba jam'iyya ba.

Ɗan Kakuri:
Ku yi haƙuri, jiya babu caji.

Hajjo, ciwona tsoho ne, naki yana tafe,
Gidan Malam Aminu ma ya sha rabewa.
Santsi da taɓo, PRP ce uwar da ta haife su,
Haɗakar gwamnoni ta kai su ga ɓatawa.
Bauchi a 2019, kakaki biyu rana ɗaya,
Wa ya tambayi talaka kafin rantsarwa?

Hajjon Fagge:
Malam, ka auna wannan:

Mai auna baiti, kawo naka mu auna,
Sukar ɗinki ba ta kai riƙe allura wuya ba.

Malam Na-Soro:
Amsa-amon ma yanzu kin yar da shi, Hajiya.